Gidajen Zamanin Gyaɗa a Ƙasar Maraɗi da Madarunfa: Tarihinsu da Matsalar Gyaransu

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga birnin Maraɗi ta nufi kudu, zuwa Madarunfa ko Ɗan Isa, in dai ya saki ido, zai riƙa cin karo jefi-jefi da waɗansu gine-gine da ba su yi kama da soron gargajiya ba, ba su kuma yi kama da gidajen da ake yayi a yau ba. Akasarinsu dogaye ne, masu tsayin rufi, da baranda mai ginshiƙai a gaba, da tagogin ƙarfe ko na katako masu haƙarƙari, da jerin bulo mai huda can sama kusa da rufi. Wani ajin makaranta ne, wani gidan ma'aikacin gwamnati, wani ɗakin shan magani, wani kuwa gidan wani attajiri ne da ya daɗe da rasuwa. Waɗannan su ne gine-ginen tsakiyar ƙarni na 20, wato waɗanda aka yi daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu zuwa farin 1973 da 1974.

A Turai da Amurka gidajen wannan zamani suna da suna, suna da masoya, har ma da wata ƙungiya ta duniya mai suna Docomomo, wadda aka kafa a ƙasar Holan cikin 1988 domin ta ƙididdige su ta kuma kare su. A ƙasar Hausa kuwa sun faɗa tsakani: ba su tsufa har a kira su kayan tarihi ba, ba su kuma da sabuntar da za a yi alfahari da su. Domin sauƙin magana, za a kira su a nan gidajen zamanin gyaɗa, tun da yake kuɗin gyaɗa, da harajin da aka tatsa daga manomanta, su ne suka tayar da mafi yawansu. Ruwan sama da gara suna cin su a hankali, wannan gaskiya ne. Amma abin da ya fi saurin kashe su shi ne gyara, irin gyaran nan da ake yi musu ba tare da an tambayi aikin da kowane ɓangare nasu yake yi ba.

Ambaliyar 1945

Tarihin ya fara ne da ruwa. Maraɗin farko, wadda Katsinawan da suka baro birninsu bayan jihadin farkon ƙarni na 19 suka mayar da ita mazauninsu a ƙarƙashin Ɗan Kasawa, a cikin kwarin gulbi take, kusa da fadama da kurmin da ya ba ta kariya daga mahara. Zaman kwari yana da amfani a zamanin yaƙi, yana kuma da nasa haɗari. A daminar 1945 Gulbin Maraɗi ya yi ambaliyar da ta rushe babban ɓangare na garin, sai mahukuntan Faransa suka yanke shawarar a kwashe jama'a a hau tudu. Sabon garin da aka shata bai gaji karkatattun lungunan tsohon ba. An ja layuka miƙaƙƙu masu ratsa juna kamar gidan dara, aka yanka filaye masu kusurwa huɗu. Unguwanni irin su Bagalam da Ƴandaka da Maradawa da Limanci suka hau tudu da sunayensu, amma fasalin zamansu ya sake. Gari guda ne aka ce ya sake gina kansa cikin ƴan shekaru, kuma hakan ya faɗo daidai lokacin da kayan gini na zamani suka fara samuwa.

A 1946 aka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka, a shekarar ce kuma aka kafa asusun FIDES, wanda ya riƙa biyan kuɗin gina makarantu da asibitoci da ofisoshi da gidajen ma'aikata. A ɗaya gefen, gyaɗa ta zama abin da yankin ke fitarwa waje. Manyan kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA suna da kantuna da rumbuna a Maraɗi, suna sayen gyaɗa ta hannun dillalan gida. Da farko ta Kano ake fitar da ita, inda layin dogo ya isa tun 1911. Daga 1953 aka ƙara wata hanyar ta Dahome, mota zuwa Paraku, jirgin ƙasa zuwa Kwatano. Motar da ta sauka da gyaɗa ba ta hawowa fayau. Siminti da kwano da rodi da ƙusa da fenti, ta nan suka shigo. Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnati ta kafa kamfanin SONARA cikin 1962 ya karɓi cinikin gyaɗa, sannan a tsakiyar shekarun 1960 masana'antar siminti ta Malbaza ta fara aiki. Ƴan kasuwar da suka taso a cikin wannan hada-hada su ne Alhazan Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986.

Madarunfa, mai tazarar kilomita 20 da ƴan kai daga Maraɗi, tana tsakiyar ƙasar da ke noma gyaɗar, tana kuma dab da iyakar Nijeriya. Sabon salon gini ya iso ƙananan garuruwa irinta ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce ta gwamnati, mai aiko da zane ɗaya a gina shi ko'ina: ajin makaranta, gidan malami, ɗakin magani. Ta biyu ita ce ta masu hali, waɗanda suka ga gini a Maraɗi ko Katsina ko Kano suka dawo suka ce wa magini ga irin wanda suke so. Sai dai Madarunfa tana da wani hali nata da ya bambanta ta da Maraɗin tudu: a bakin tabki take, cikin ƙasar gulbi. Laka mai kyau ba ta da nisa, amma danshi ma ba shi da nisa. Duk maganar da za a yi kan gyaran gini a nan, dole ta koma kan wannan.

Inda fasalin ya samo asali

Baranda da taga mai haƙarƙari da bulo mai huda ba ado ba ne aka liƙa. Amsa ce ga tambayar da ta dami masu zayyana gine-gine na Turai da aka turo Afirka bayan yaƙi: yaya za a yi ɗaki mai sanyi da siminti da ƙarfe a ƙasar da babu wutar lantarki? A yankin Ingilishi, Maxwell Fry da matarsa Jane Drew su ne suka yi fice. Su suka zana gine-ginen Kwalejin Jami'a ta Ibadan, da bangayen nan masu huda kamar rariya, suka kuma fitar da littafi kan gini a ƙasashe masu zafi cikin 1956. Ƙa'idojinsu ba su da wuyar ganewa. A juya doguwar fuskar gini ta kalli arewa da kudu domin ranar safe da ta yamma su faɗa kan gajerun bangaye. A yi wa bango inuwa da baranda ko da lanƙwasar rufi. A buɗe tagogi a fuskoki biyu masu kallon juna domin iska ta ratsa. A ɗaga rufi, a bar wa iska mai zafi kafar fita daga sama.

A yankin Faransanci, labarin da ya fi shahara a Yamai ya faru. Jean Prouvé, wani gwanin sarrafa ƙarfe daga birnin Nansi, ya ƙera gida na ƙarfe da alminiyam wanda ake harhaɗawa gunduwa-gunduwa. Rufinsa biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, da kafar iska a tsakani, kuma yana kewaye da inuwar fikafikan alminiyam. An ɗauko gunduwoyin a jirgin sama aka kafa gidan a Yamai cikin 1949, sannan aka kafa waɗansu biyu a Barazabil cikin 1951. Nufin shi ne a yi dubbansu, amma tsada ta hana, aka tsaya a uku. Gidajen suka yi rabin ƙarni a wurarensu ba wanda ya kula da su. Wajen shekara ta 2000 aka kwance su aka mayar da su Faransa, aka gyara. A 2007 aka yi gwanjon ɗaya daga cikin na Barazabil a birnin Niyok, kuɗinsa ya kusa dala miliyan 5. Abin da ya rage a Yamai shi ne dandamalin kankaren da gidan ya zauna a kai. Manthia Diawara, ɗan ƙasar Mali, ya yi fim kan wannan al'amari a 2008. Ana iya yin fushi da dillalan da suka kwashe gidajen, fushin kuma yana da hujja. Amma yana da kyau a tuna cewa sun same su ne ba a cikin kowace rajistar kayan tarihi ba.

Wajibi ne kuma a faɗi cewa ba duk abin da Turawa suka zana ne ya dace da ƙasar Hausa ba. Gini mai sirarin bango da tagogi ko'ina ya dace da Ibadan da Kwatano, inda zafin na gumi ne, iska kuma ita ce magani. A Maraɗi cikin bazara iskar rana kanta wuta ce, abin da ake bukata shi ne bango mai kauri da zai tare zafi da rana, a buɗe tagogi da dare. Malaman makaranta sun fi kowa sanin wannan, domin da yawansu sun koyar a ajin bulo mai rufin kwano wanda ba shi da silin, inda yara ke narkewa tun kafin azahar. Gine-ginen da suka yi nasara a wannan yanki su ne waɗanda suka haɗa inuwar baranda da kaurin bangon ƙasa.

Hannun maginan gida

Wannan haɗi kuwa, mafi yawa aikin maginan Hausa ne. Sana'ar gini a ƙasar Hausa tsohuwa ce mai sarautarta da ƙa'idojinta. Magini ya san tubali da azara, ya san yadda ake ɗaure bakan gizo, ya san makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina domin kare soro daga ruwa. Da siminti da kwano suka zo, bai jefar da wannan ilimi ba. Ya riƙa yin harsashi da dutse ko siminti, ya tayar da bango da ƙasa, ya ɗora kwano a kan katako ko ya bar rufin azara, ya sa taga ta ƙarfe a inda da can ƴar kafa ce kawai. Irin wannan gini, rabi ƙasa rabi siminti, shi ne mafi yawa a cikin gidajen zamanin gyaɗa na masu zaman kansu.

Tsarin cikin gida ma an yi masa irin wannan sulhu. Gidan Bature a tsakiyar fili yake tsayawa, yana kallon waje ta kowace fuska. Gidan Bahaushe ciki yake kallo: zaure, sai ƙofar gida, sai cikin gida inda iyali suke. Alhajin da ya samu kuɗin gyaɗa bai yarda ya rabu da zaurensa ba. Sai ya juya barandar ta kalli tsakar gida, ta zama wurin zaman mata da yara da rana, wurin shimfiɗa da dare. Fuskar da ke kallon titi kuwa aka yi mata ado. A wannan zamani ne adon bango ya bunƙasa a Damagaram da Kano da Zariya, inda dagi da sauran zane-zanen gargajiya suka zauna kafaɗa da kafaɗa da hoton keke da mota da jirgin sama, wani lokaci har da shekarar ginin a saman ƙofa. Mai neman zamanin da Bahaushe ya fassara wa kansa, a kan waɗannan bangaye zai gan shi.

Zamanin bai tsaya ga siminti ba. A garin Yama na jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da zallar ƙasa a 1962, ya yi ta ƙara masa sababbin dabaru a shekarun da suka biyo baya, har ginin ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Tsaran gidajen gyaɗa ne, kuma shaida ne cewa maginan wancan lokaci masu ƙirƙira ne.

Gyaran da ke ɓarna

Babban kuskuren da ake yi wa waɗannan gidaje shi ne shafe bangon ƙasa da siminti tun daga sama har ƙasa. Mai gida yana yin haka da kyakkyawar niyya, domin ya huta da yaɓen shekara-shekara. Amma ƙasa da siminti ba abokan zama ba ne. Bangon ƙasa yana shan danshi daga harsashi da damina, yana kuma fitar da shi ta fuskarsa idan rana ta fito. Siminti ya toshe wannan hanya. Bugu da ƙari, zafi da sanyi ba sa motsa su daidai, saboda haka ba a daɗewa shafen ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa mafita. Daga waje bango yana nan sumul, daga ciki kuwa ya zama kunu. Idan aka ƙwanƙwasa aka ji yana amsawa kamar ganga, to shafen ya riga ya rabu da bango. A gari irin Madarunfa, inda ruwan ƙasa ba shi da zurfi a sassan da ke kusa da tabki, wannan ciwo ya fi saurin kamawa. Maganinsa shi ne a ɓamɓare simintin a hankali, a bar bango ya sha iska ya bushe, a cike inda ya zaizaye da irin ƙasar da aka gina shi da ita, sannan a yaɓe da ƙasa ko a shafe da farar ƙasa. A fara da bangon gabas, domin daga gabas hadari yake tasowa, shi ne kuma yake shan dukan ruwa.

Kafin ma a taɓa bango, rufi da harsashi ake dubawa. Indararo ɗaya da ya toshe, ko kwano ɗaya da ƙusarsa ta cire, ya isa ya kayar da ɗaki cikin damina biyu. Yawancin gidajen nan an ɗora su ne a kan dandamali mai matakala biyu ko uku. Shekara da shekaru rairayi da shara suna taruwa a titi, har titi ya fi ɗaki tudu, ruwa ya riƙa kwanciya a gindin bango. Kwashe wannan ƙasa da gyara magudana ba su da tsada, ba su kuma da kwarjini, shi ya sa ake tsallake su a tafi sayen fenti.

Sai maganar baranda. Iyali sun ƙaru, ko ana bukatar kuɗin haya, sai a toshe tsakanin ginshiƙai da bulo a mayar da ita ɗaki ko shago. Ba za a zargi mai bukata ba. Amma ya kamata ya san abin da ya sayar: bangon da ya shekara sittin cikin inuwa yanzu ya rasa ta, tagogin da ke shan iska ta baranda sun koma kallon bangon shago, ɗakin ciki ya zama tanda. Haka abin yake ga taga mai haƙarƙari. Amfaninta shi ne tana hana rana da idon mai wucewa shiga, ta bar iska ta wuce ko da a rufe take. Idan aka cire ta aka sa gilashi mai zamewa, rabin kafar kaɗai ke buɗuwa, gilashin kuma yana shigo da zafi ya riƙe shi. Sau da yawa tagar da aka jefar ba abin da ke damunta sai tsatsa a maɗaurai da tsohon fenti, abin da mai walda ko kafinta zai gyara cikin yini ɗaya. Bulo mai huda na saman bango kuwa, ana toshe shi saboda ƙurar hunturu da sauro da jemage, alhali ragar waya da ɗan murfin da ake sawa a cire sun isa. Daga nan sai a sauko da silin ƙasa domin ɗaki ya yi kama da na zamani. Idan an gama duk wannan, gidan da aka gina domin ya yi sanyi da kansa ba ya zaunuwa sai da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki. Garin neman gira an rasa ido. Mutanen jihar Maraɗi sun ɗanɗana ma'anar haka lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agusta na 2023, aka yi watanni kafin ta dawo.

Sassan kankare suna da nasu ciwon. Idan ruwa ya kai ga rodin da ke cikin ginshiƙi ko saman taga, sai ya yi tsatsa, tsatsa kuma tana kumbura ta fasa kankaren daga ciki. Liƙa siminti a kan fashewar ɓoye ciwo ne kawai. Sai an sassaƙe har a kai ga ƙarfe mai lafiya, a kankare tsatsar, a ƙara rodi in ya cinye, sannan a rufe. Akwai kuma abu ɗaya da bai kamata a riƙe shi don sunan asali ba, wato rufin nan mai kauri, toka-toka, na siminti da zaren asbesto, wanda aka yi amfani da shi a gine-ginen gwamnati da dama a Afirka ta Yamma. Ƙurarsa tana jawo mummunar cutar huhu, har da sankara. Ba a fasa shi, ba a yanka shi da zarto, ba a kuma bar yara su yi wasa da ɓaraguzansa. Idan ya lalace, a nemi masana su sauke shi, a maye gurbinsa da rufi mai irin tsayinsa da gangarensa.

Akwai wata ɓarnar da ba ta magini ba ce. Gidan da Alhaji ya gina wa iyali ɗaya, idan aka zo rabon gado sai a ja katanga ta tsakiyar baranda. Kowane magaji ya gyara rabonsa yadda ya ga dama, ko kuwa a rasa wanda zai ɗauki nauyin rufin da ya haɗa su duka. Idan filin yana bakin hanya, sayarwa a rushe ta fi sauƙi. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021 aka kuma shata shi ta Jibiya da kudancin jihar Maraɗi, irin aikin da ke tayar da darajar fili ne, tsohon gida kuwa ba ya jure tsadar filin da yake kai.

Mene ne asali?

Wani zai ce, me ya sa za a wahala kan gine-ginen da ke tuna mulkin mallaka? Tambayar tana da nauyi, musamman ga waɗanda kakanninsu suka yi dakon dutse da azara a aikin tilas kafin 1946. Amma hannuwan da suka yi ginin na ƴan ƙasa ne, gumin da ya biya kuɗin na manoma ne, kuma da yawan gine-ginen bayan 1960 aka yi su. A cikin waɗannan azuzuwa ne ƴan boko na farko na karkara suka koyi karatu. Rushe su ba ya goge mulkin mallaka daga tarihi, shaidarsa kawai yake gogewa.

Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997. A 2006 ta gabatar wa hukumar UNESCO jerin wuraren da take fatan a amince da su, a ciki har da tabkin Madarunfa da dajinsa da kaburburan waliyyai 99, da kuma tsohon birnin Damagaram. A 2013 aka sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya. Duk wannan abin farin ciki ne, sai dai ido ya fi karkata ga abin da ya haura shekara ɗari. Ko su ɗin ma ba su tsira ba: wani ɓangare na masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta a kan masallata a watan Agusta na 2023, tsohon masallacin Birni na Damagaram kuma ya faɗi a daminar 2024, daminar da ta rushe gidaje masu yawa a Maraɗi. Idan haka ta samu manya, gidan malamin makaranta na 1958 ba shi da mai tsaya masa sai mutanen garinsa.

Masana gyaran gine-ginen tarihi sun daɗe suna muhawara kan abin da ake nufi da asali. Yarjejeniyar Benis ta 1964 ta nace kan a riƙe kayan da aka yi ginin da su, a kuma dakata da gyara daga inda sani ya ƙare, zato ya fara. Takardar Nara ta 1994, wadda aka rubuta a Japan, ta faɗaɗa ma'anar, ta yarda cewa a waɗansu al'adu asali yana cikin dabara da al'adar sabuntawa. Wannan ya fi kusa da fahimtar Bahaushe, wanda bai taɓa ɗaukar sabon yaɓe a matsayin ɓata soro ba. Ga gidajen zamanin gyaɗa, ma'aunin da ya fi dacewa shi ne a tambayi kowane ɓangare aikinsa. Tagar da ta ruɓe ana iya ƙera sabuwa, muddin haƙarƙarinta da girmanta suna nan. Ana iya ja wa gida wayar lantarki da famfo, a ƙara makewayi, ba tare da an toshe masa hanyar iska ba. Daɓen siminti ja da ya yi santsi saboda sawun mutane na shekara sittin, wanke shi da cike tsagarsa sun fi binne shi a ƙarƙashin tayil. Adon fuskar gida kuwa, idan ya faɗi ba a san yadda yake ba, gara a bar wurin fili da a ƙago wanda ba a taɓa yi ba.

An ga misalin irin wannan aiki a Dandaji ta jihar Tawa, inda aka so rushe tsohon masallacin ƙasa a gina na siminti. Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka ba da shawarar a gyara shi ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci a gefensa da bulon ƙasa da aka matse. An kammala aikin a 2018, kuma cikin waɗanda aka gayyato har da maginan da suka yi ginin farko.

Wannan batu na maginan farko shi ne ya fi gaggawa a Madarunfa da Gabi da Safo da Jiratawa da sauran garuruwan gundumar. Gidajen masu zaman kansu ba a gina su da zane a takarda ba. Ma'auninsu da sirrin kwaɓinsu a kan magina suke. Ƙungiyar al'adu ko malamin tarihi da ɗalibansa ba sa bukatar kuɗi mai yawa kafin su zaga gari su rubuta gine-ginen da suka rage, su ɗauki hoton kowace fuska, su auna kaurin bango da tsayin rufi da faɗin baranda, su tambayi masu gida shekarar gini da sunan wanda ya yi shi. Yaron magini da ke miƙa kwaɓi a 1960 yana ɗan shekara 15, ya cika 80 a 2025. Shi ne zai iya faɗin kududdufin da aka ɗebo ƙasar, da kwana nawa aka bar ta ta ruɓa da ciyawa kafin a yi tubali, da inda aka saro giginyar azara, da dalilin da ya sa maigidansa ya ƙi buɗe babbar taga a bangon gabas.